Labulen Da Mutum Ɗaya Ba Ya Ɗagawa

Akwai wata yarinya da kowa a gidansu yake kira Auta. Babanta mai ɗaukar hoto ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne, yana jikin shagon wata mai ɗinki.

A ƙuryar shagon akwai ƙarafa biyu masu ƙafa uku-uku. A kansu ake gitta wata doguwar sanda, a rataya labule a jikinta. Duk wanda ya zo ɗaukar hoto, a gaban labulen yake tsayawa. Akwai fari, akwai baƙi, akwai kuma wani shuɗi mai zanen gajimare.

Shuɗin nan, Auta da Yayarta ne suke rataya shi. Yaya ta kama ƙarfen dama, Auta ta kama na hagu. Sai Yaya ta ce, "Ɗaya, biyu, sama!" Su ɗaga tare, su ɗaure noti tare, su ja gefen labulen har ya miƙe sumul.

Ana nan sai Yaya ta tafi makarantar kwana.

Tun daga ranar shagon ya yi wa Auta faɗi. In ta taso daga makaranta sai ta zauna a kan benci ta yi tagumi. Ta kalli ƙarfen dama, ba kowa a wurin. Kewa ta dame ta, amma ba ta gaya wa kowa ba.

Mai ɗinkin tana da 'ya, sa'ar Auta ce. Takan leƙo ta ce, "Ki zo mu yi wasa mana." Auta sai ta ɗauke kai kamar ba da ita ake ba. Ita dai Yayarta take so, ba wata ba.

Wata rana da yamma Baba ya ce, "Auta, gobe da safe Mamanki za ta je ganin Yayarki. Me za ki aika mata?"

Auta ta miƙe zumbur. "Hotona, Baba! A gaban shuɗin labulenmu."

"To, madalla. Bari in kai wa wasu mutane hotunansu in dawo. Amma ki ji ni da kyau, kada ki ɗaga labulen nan ke kaɗai. Aikin mutum biyu ne. Ki jira ni, ko ki kira 'yar maƙwabciyarmu ta kama miki."

"To, Baba," in ji Auta.

Baba yana fita, ta taɓe baki. Wai wata ce za ta kama ƙarfen Yaya? Ai ba za a yi haka ba. Ita ma ta iya, sau nawa ta yi?

Ta ɗauko shuɗin labulen, ta zura sandar a bakinsa, ta ɗora a kan ƙarafan. Ta ce wa kanta a hankali, "Ɗaya, biyu, sama." Ba wanda ya amsa mata.

Ta ɗaga ƙarfen hagu ya yi sama. Na dama yana ƙasa, sai sandar ta karkace. Labulen ya zame, ya taru a gefe ɗaya. Ta ruga dama don ta ɗaga can, ashe ba ta ɗaure notin hagu da kyau ba.

Ƙarfen ya yi tangal-tangal, ya kife. Tsininsa ya kama labulen, sai ta ji ƙyaaat! Ya yage tun daga tsakiya har kusa da ƙasa.

Auta ta zauna a ƙasa, ta rungume labulen, ta fashe da kuka. A haka Baba ya same ta.

Ya ajiye jakarsa da sauri. "Kin ji ciwo?"

"A'a, Baba."

"Alhamdu lillahi. Da a kanki ƙarfen nan ya faɗo fa? Me na ce miki kafin in fita?"

Ta sunkuyar da kai. "Ka ce kada in ɗaga ni kaɗai. Ka yi haƙuri, Baba. Ba na so kowa ya tsaya a wurin Yaya ne."

Baba ya tayar da ƙarfen da ya kife. Sannan ya ce, "Na ji. To, sai dai a yi hoton a gaban farin labule."

"Baba, shuɗin Yaya ta sani!"

"Ni ban iya ɗinki ba, Auta. Kin san inda aka iya. Ke kika yaga shi, ke za ki kai shi."

Shagon mai ɗinki ba nisa, ƙofa da ƙofa ne. Auta ta ɗauki labulen ta tafi. Ta yi sallama. Kunya kamar ta nutse.

Mai ɗinki ta duba labulen ta yi dariya. "Kai, 'yata, da damisa kuka yi kokawa? Kawo nan. Amma ya yi mini girma, sai kun riƙe mini shi ku biyu."

'Yar mai ɗinki ta kama gefe ɗaya. Auta ta kama ɗayan. Keken ɗinki yana ta ƙara, labulen yana wucewa a hankali.

Auta ta ce, "Ki yafe mini. Kina ta yi mini magana ina share ki."

Yarinyar ta ce, "Ba komai. Ni ma ba ni da kowa a nan. Ba mu daɗe da zuwa ba, duk ƙawayena na baro su."

Auta ta dube ta. Ashe ba ita kaɗai take zaman shiru ba.

Suka koma shagon hoto tare. Yarinyar ta tsaya tana kallon ƙarafan. Auta ta nuna mata na dama. "Kama wancan. In na ce sama, sai ki ɗaga daidai da ni."

"Ɗaya, biyu, sama!"

Labulen ya tashi a miƙe, bai karkace ba. Suka ɗaure noti, suka ja gefe da gefe. Auta ta tsaya a gabansa ta gyara ɗankwalinta.

Baba ya leƙa kyamara, ya girgiza kai. "Ɗinkin yana fitowa a gefenki. Sai an sami wanda zai tsaya ya rufe shi."

Auta ta miƙa hannu ta jawo yarinyar. "Zo ki tsaya nan kusa da ni."

Fitilar kyamara ta haska. Hoton ya fito da kyau, ba a ganin ɗinkin ko kaɗan.

Washegari Auta ta ba Mama hoton. "Ki ce wa Yaya ina kewarta. Ki ce mata wurinta yana nan, amma na sami mai kama mini ƙarfen dama kafin ta dawo."

Daga ranar Auta ta gane abu biyu. In iyaye suka hana ka abu, don kare ka suke yi. Kuma in abu ya fi ƙarfinka, aiki ne ko kewa, kada ka ɗauka kai kaɗai, kira wani ya kama maka.