Yawu a Bakin Zare

An kashe mai siton hatsi, aka ɗinke shi a buhu, aka kuma kama wanda bai ji ba bai gani ba.

Wanda aka kama maigadin siton ne, tsoho mai ciwon suga, da gyambo a ƙafar hagu. Laifinsa ɗaya: yana riƙe da mabuɗi.

Sufeton 'yan sanda bai gamsu ba. Ya tsuguna gaban buhun ya bi ɗinkin da ido. Ɗinki ne siriri, a jere kamar sahun tururuwa, ba irin na 'yan dako ba. Bakin zaren kuma a tattaune yake.

"Saje, da me aka yanke wannan?"

"Wuƙa mana, yallaɓai."

"Wuƙarka tana tauna? Haƙori ne. Je ka duba bakin tsohon nan."

Saje ya dawo yana sosa ƙeya. "Yallaɓai, dasashi ne zalla a gaba."

Sufeto ya datse bakin zaren ya sa a ambulan. Ɗakin gwajinsu ba ya iya aiki da yawu kaɗan haka, sai aka tura ƙasar waje don gwajin ƙwayoyin halitta, wanda ake cewa DNA. Yawun kowa da nasa tambarin, kamar zanen yatsa.

Ya roƙi shugaban ofis a saki tsohon kafin sakamako ya zo.

"Ba zan saki mai mabuɗi saboda giɓi ba," in ji shugaban. "Kawo mini wani, in ba ka wannan."

Kwana goma, shiru. Ƙafar maigadi ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Matarsa kullum tana kan bencin ofis da ƙullin magani a hannu.

"Ranka ya daɗe, takardar ta zo?"

"Inna, a ƙara haƙuri."

Sufeto ya fara bi ta ƙofar baya don kada su haɗa ido.

A kwana na ashirin ya kira surukin mamacin, mijin 'yarsa, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Gayu. Shekara huɗu ke nan da dawowarsa daga ci-rani a ƙetare.

"Wane aiki ka yi a can?"

"Ofis, yallaɓai. Ni da biro."

"Ka iya ɗinki?"

Ɗan Gayu ya tuntsire da dariya. "Ni? Ko zare ban iya zira wa allura ba."

Da ya wangale baki, Sufeto ya hango 'yar tsaga a haƙorinsa na gaba, irin wadda zare ke ci a hankali. Amma tsagar haƙori ba ta tsayawa a kotu. Ya sallame shi ba da son ransa ba, don mutumin da ya san hanyar waje zai iya sake bin ta.

Ranar nan wari ya fara fitowa daga ɗakin tsarewa. Saje ya ce, "Yallaɓai, yatsun ƙafar tsohon sun yi baƙi."

A kwana na talatin da ɗaya sakamako ya iso. Yawun ya dace da na wani da 'yan sandan wata ƙasa ke nema, ma'aikacin masana'antar ɗinki da ya kashe ogansa shekara tara da suka wuce. Sun haɗo da hoto. Suna daban, babu gemu, amma fuskar ta Ɗan Gayu ce.

Suka iske Ɗan Gayu a falo yana ɗaure jaka.

"Tafiya za a yi?"

"Wanki ne, yallaɓai."

"Da fasfo ake kai wanki?" Sufeto ya ajiye hoton a tebur. "Za mu goga auduga a bakinka. Ko ka faɗa, ko yawunka ya faɗa."

Ɗan Gayu ya zauna daɓas a ƙasa.

"Baba ne ya ga tsohon fasfona mai wancan sunan. Ya kira ni sito mu biyu, ya ce zai gaya wa 'yarsa, ya kai ni wurinku. Bayan na gama da shi, da mabuɗinsa na rufe ƙofar."

"Babu wuƙa a siton ne, da za ka ciji zare?"

"Shekara goma sha biyu ina kan keken ɗinki, yallaɓai. A can, in ka tsaya neman almakashi oga ya zage ka. Wallahi ban ma san na ciza ba."

Saje ya buga masa ankwa, aka wuce da shi ta gaban matarsa, tana tsaye da tsintsiya a hannu.

Da rana tsaka aka buɗe wa maigadi ƙofa. Bai iya tashi ba, mutum biyu suka ɗauko shi, Sufeto ya kai shi asibiti a motarsa. Likita ya ɗaga zanen, ya duba, ya tambaya me ya sa ba a kawo shi tun mako biyu da suka wuce ba.

Washegari aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Matar maigadi ta karɓi takardar sallamarsa daga hannun 'yan sanda ta naɗe, ta cusa cikin takalminsa na hagu, ta miƙa wa Sufeto.

"Ranka ya daɗe, ajiye wannan a ofishinku. Mu ba mu da inda za mu sa shi."