Tsami da Kanwa

A can wani zamani, an yi wata yarinya mai kaifin baki, tana zaune da kakarta. Wata rana kaka na miyar yakuwa, tsami ya yi yawa. Ta jefa 'yar kanwa, miya ta yi kumfa, tsami ya kwanta.

Ta ce, "Kin gani, 'yar nan? Kanwa ke kashe tsami, amma sai tukunya na kan wuta."

Tun daga ranar, in yarinya ta yi wa kaka tsawa da safe, sai ta kawo mata goro da yamma, ta ce, "Kaka, ga kanwa." Kaka ta yi murmushi.

Ran kasuwa kaka ta ce, "Yau jikina ba daɗi. Zauna kusa da ni."

"Kullum ciwo, kullum mita! Kin ishe ni!"

Ta fice abinta.

Da la'asar ta dawo da farin goro ƙulle a bakin zane. Ta tarar da maza zaune a ƙofar gida, sun dawo daga maƙabarta.

Ta durƙusa gaban tabarmar kaka, wadda aka riga aka naɗe.

"Kaka, ga kanwa."

A tsakar gida, murhu ya daɗe da hucewa.