Lakar da Dadi Ta Dafa

Wata Laraba ce ta watan Afrilu, rana ta yi ƙasa, hasken da ya rage a kan rufin gidajen unguwar 'yan Bangladesh ta gefen Detroit ya koma launin tsatsa. Rubaiya ta sauko daga bas da jaka a kafaɗa. Mako biyar ya rage mata ta kammala karatun kimiyyar muhalli a jami'a, kuma abu ɗaya ne tsakaninta da digirinta: kwalabe ashirin da huɗu na laka.

Shekara guda ta yi tana tara su. Kowane wata sai ta sa dogon takalmin roba, ta gangara rafin da ke bayan tsofaffin masana'antu, ta nutsa bututu a gindin ruwa a wurare biyu, ta ciro baƙar laka ta rufe a kwalba, ta rubuta lamba da wurin da ta haƙo a littafinta. Dalma da sauran gubar da ta kwanta a ƙasan rafin za ta auna. Ƙa'idar aikin ita ce lakar ta zauna daskare har ranar awo. Sai firizar ɗakin gwaje-gwaje ta mutu, malamarsu Farfesa Brandt ta ce kowa ya kai nasa gida zuwa Litinin. Rubaiya ta kawo nata a kula, ta sauka ɗakin ƙasa, ta jera su a babbar firizar gidan, ƙarƙashin kifin mahaifiyarta. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san abin da za a ce mata.

Tun daga bakin ƙofa ta ji warin. Gidan ya saba da warin shidol, daddawar kifin da kakarsu Dadi take ajiyewa a kwalba, baƙa, mai ɗoyi, wadda ba ta cin shinkafa sai da ita. Amma na yau akwai wani abu a ƙarƙashinsa, wari mai nauyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai da tsohon mai, wanda hancin Rubaiya ya sani sarai.

Ƙanwarta Tuli, 'yar shekara goma sha biyar, tana tsaye a madafa da faranti a hannu.

"Apu, zo ki ɗanɗana," ta ce, da sunan da take kiran yayarta. "Dadi ta yi miyar shidol. Yau har da yashi a ciki, kifin da ƙasarsu ya zo."

Kwalbar tana gefen murhu, a buɗe, da cokali tsaye a cikinta. Farin murfi ne da ita, kuma a jikinta lamba goma sha bakwai, rubutun hannun Rubaiya.

"Dadi, wannan kika zuba?"

Tsohuwar ta juyo da idanunta masu yana. "Cokali biyu kacal. Ba shi da ƙarfin na bara. Ƙanwata ta fara aiko mini da na banza."

Ammu, mahaifiyarsu, ta shigo da kwandon wanki, ta dubi fuskar Rubaiya, ta ajiye kwandon. Rubaiya ta yi bayani a hankali, kanta a ƙasa. Ammu ta saurara har ƙarshe.

"Rafin da kike zuwa," ta ce, "ba shi ne ruwan bayan gida yake malala ciki ba?"

"Idan an yi ruwan sama mai yawa ne kawai."

"A cikin firizata. Kan kifin da nake ba ubanku."

"Ƙarƙashinsa, Ammu."

Ammu ta juya wurin wanke-wanke ta yi kakari har idanunta suka kawo ruwa. Sannan ta ɗauki tukunyar da ludayin da farantin ta kai su bola gaba ɗaya. Tuli ce kaɗai ta ci, loma uku. A yammacin aka kai ta asibiti, Rubaiya ta lissafa wa likita abin da take zaton yana cikin lakar, aka ɗebi jini, aka ce abin kaɗan ne, a dai sa mata ido. Mahaifinsu yana can kudu da babbar motarsa, sai Lahadi zai dawo. A waya ya ce a kwashe ƙazantar daga gidansa. Rubaiya ta roƙi arziki a bar ta zuwa Litinin, ta rufe kwalba ta goma sha bakwai ta mayar wurin 'yan'uwanta.

Washegari, ana gab da magariba, dutse na farko ya faɗo kan rufi.

Ba jifar yara ba ce. A hankali yake zuwa, ɗaya, sai shiru, sai wani. Ammu ta leƙa ta taga, titi fayau, ko kare babu. Na huɗu bai tsaya a rufi ba, tsakiyar falo ya faɗo, alhali silin bai huje ba. Rubaiya ta sa safar hannu ta ɗauka. Jiƙe yake, da gansakuka mai yauƙi a jikinsa. Bayansa sai tsatsattsiyar ƙusa, sai murfin kwalbar giya, sai wani tsumma da ba wadda ta yarda ta duba ko na mene ne. Da Ammu ta buɗe famfo za ta yi alwala, ruwan ya zo baƙi, da silin gashi a ciki. Daga can cikin magudanar wanke-wanke kuma ana jin gunaguni, kamar mutane da yawa suna shawara a ɗakin da aka rufe.

Tuli ba ta yi magana ba duk yinin. Da aka neme ta sai aka same ta a ɗakin ƙasa, zaune a siminti, kumatunta manne da jikin firiza, tana shafa ta da tafin hannu. Wani baƙin ruwa yana gangarowa daga gefen bakinta. Ammu ta kira sunanta sau uku. Yarinyar ta juyo ta dube ta da idanun da ba su san ta ba.

"Ku buɗe musu," ta ce, da muryar tsohon namiji.

Dadi ta fara karanta Ayatul Kursiyyu daga saman bene. Rubaiya ta tsaya a matakala, ta kasa hawa ta kasa sauka. Duk abin da aka koya mata shekara huɗu ta bi shi ɗaya bayan ɗaya, har ta tuna dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa. Amma ba ta san dalmar da take jefo dutse ta cikin silin ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar Hujur Moinuddin ya zo. Shi ne malamin da ya koya wa 'yan matan biyu karatun Alƙur'ani a masallacin unguwa, tsoho ne siriri mai jan lalle a gemu, ba ya gaggawa a komai. Ya tsaya a bakin ƙofa ya sa hankici a hanci, sannan ya ji kunya ya mayar aljihu. Ya sauka ɗakin ƙasa, ya sa aka shimfiɗa masa darduma nesa da ruwan da ya kwanta a simintin, ya ce Ammu ta riƙe kafaɗun Tuli. Ya yi karatu mai tsawo a kan kofin ruwa, har hasken 'yar tagar ya fara disashewa. Da ya yayyafa mata, jikinta ya sanƙare.

"Wane ne kai?" in ji Hujur.

"Ba ka da buƙatar sunana, mai jan gemu." Bengalanci ne tsantsa irin na tsofaffin ƙauye, alhali Tuli haihuwar nan ce, ko gaisuwa sai ta haɗa da Turanci.

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Haɗiye ni ta yi. Kana zaton son raina ne? Na zauna a ƙazantar garinku shekara tamanin, ban taɓa shiga wuri mai ƙyama kamar cikin ɗan Adam ba. Ɗumi, da maiƙo, da lemon kwalba."

"To fita."

"Ba tare da iyalina ba." Hannun Tuli ya bugi jikin firizar. "Waccan mai dogon takalmin ta yanka gidana gunduwa-gunduwa. Wata bayan wata tana zuwa da bututunta, ba sallama, ba bismillah. Ta ɗauke matata, ta ɗauke 'ya'yana, ta ɗaure mu da sanyi. Ba don tsohuwa ta ɗora ni a wuta ba, da har yanzu ina barci. Masu jifan dangina ne, kirana suka amsa."

Hujur ya juya. "Rubaiya, matso. Mene ne amfanin lakar nan a wurinki?"

Ta matso, ta durƙusa a gefen dardumar. "Hujur, aikina ne na shekara guda. Idan babu ita ba zan gama bana ba, sai na sake daga farko. Kuma don rafin nake yi. So nake a san yawan gubar da aka zuba, ko a tilasta a gyara."

Bakin Tuli ya yi dariya, wani kumfa mai wari ya fito. "Sai kun auna kafin ku san ƙazanta ce? Ku da kuka zuba ta?"

"Kwana uku take nema," in ji Hujur. "Ranar Litinin ta auna, ta mayar maka da kayanka. Ka fita yau, ni ne jingina."

Aljanin ya juya maganar, sannan ya ce, "Yaya ake awon?"

Hujur ya dubi Rubaiya. Ammu ma ta dube ta, idanunta na roƙo. Rubaiya ta san idan ta ce dubawa kawai ake yi da madubin ƙara girman abu, wataƙila maganar ta wuce. Amma idanun da ke kallonta daga fuskar Tuli ba su ƙiftawa, kuma ba ta san abin da zai biyo bayan ƙarya ba.

"Ana busar da ita a tanda," ta ce. "A niƙa ta gari. Sannan a zuba mata ruwan batir har ta narke."

Hujur ya runtse ido.

"Ka ji jinginarka," in ji muryar.

"Cokali ɗaya daga kowace kwalba," in ji Rubaiya da sauri. "Zai ishe ni. Sauran duk naka ne."

"Na yarda. Ni ma zan ɗebi cokali ɗaya daga kowane mai numfashi a gidan nan. Daga wannan zan fara, ta ido."

Ammu ta ƙanƙame Tuli. Ba ta yi kuka ba, ta dai dubi babbar 'yarta ta ce, "Ki ba shi."

Hujur ya ɗaga murya a karo na farko, ya ci gaba da karatu, har jikin yarinyar ya riƙa murɗewa, muryar tana cewa ya isa, yana ƙona shi. Sannan aka yi sharaɗi. Kowace kwalba za ta koma ramin da aka haƙo ta, ba wani rami ba, kafin rana ta faɗi gobe. Shi kuma zai fita yanzu, ya rantse da wanda ya halicce shi daga wuta ba zai sake taka gidan ba, shi da danginsa. Amma yarinyar ba za ta farka ba sai an juye ta ƙarshe.

"Kin san ramukan?" in ji Hujur.

"Duk suna littafina."

"To buɗe mini inda na fito," in ji muryar.

Rubaiya ta ciro kwalba ta goma sha bakwai, ta kwance murfin, ta tara a bakin ƙanwarta. Abin da ya fito baƙi ne, mai kauri, da ɗumi, ya cika kwalbar har ya zubo mata a yatsu. Ta rufe da ƙarfi. Tuli ta sulale jikin mahaifiyarta, numfashinta ya daidaita. Gunagunin da ke cikin magudana ya ɗauke.

Ranar Asabar Rubaiya ta ari motar maƙwabta ta tafi rafin ita kaɗai. Kafin ta sauka ta kira Farfesa Brandt, ta ce mata lakar ta lalace gaba ɗaya, ba abin da za a auna.

"Duk ashirin da huɗun?" in ji Farfesa. "Rubaiya, kin san ba zan iya sa miki hannu bana ba."

"Na sani."

Ta shiga ruwan har gwiwa, littafi a hannu ɗaya, kula tana iyo a gefenta. An yi ruwan sama a farkon makon, rafin ya kawo abin da yakan kawo, takardu masu yauƙi suna naɗe mata a takalmi. A kowane wuri sai ta duba lamba, ta yi sallama a hankali, ta nutsa kwalbar ƙasa ta juye. Lakar ta fara narkewa, sai ta sa yatsu ta kwarfe. Sau biyu ta fita gefe ta yi amai. La'asar ta yi sanyi kafin ta kai ga ta ƙarshe, ta watan Janairu, wadda ta fasa ƙanƙara da gatari kafin ta samu, har yatsunta suka yi kwana biyu ba sa jin komai. Ta riƙe ta ta daɗe. A aljihunta akwai 'yar leda mai zif da za ta ci cokali ɗaya na lakar, kuma ba kowa a bakin rafin. Ta dubi rana tana taɓa saman bututun hayaƙin masana'anta. Ta nutsa kwalbar, ta kwarfe, ta ɗauraye ta sau uku har ba ko ɗigo a gindinta.

Da ta isa gida an kira magariba. Ammu ta tare ta a ƙofa da baƙar leda, ta ce ta tuɓe kayan nan a nan, ba za su shiga mata ɗaki ba. Rubaiya ba ta ji ba, don ta hango Tuli zaune a kujerar falo cikin bargo, da kofin shayi a hannu, tana dubanta da idanunta na kullum. Ta wuce mahaifiyarta da takalmin da komai, ta durƙusa ta rungume ta.

"Apu," in ji Tuli da ƙaramar murya, "wallahi kina wari."

"Na sani."

"Sosai fa."

Rubaiya ta yi yunƙurin janyewa. Tuli ta toshe hancinta da hannu ɗaya, ta riƙe rigar yayarta da ɗayan, ta ƙi saki.