Barewa a Kan Raƙumi

A unguwarsu Bara'atu a Azare, babu wanda bai san babur ɗin gidansu ba. Tsohon roba-roba ne, irin ƙaramin babur ɗin nan mai rufin roba. A goshinsa akwai tambarin ƙarfe mai hoton barewa tana tsalle. Sunan kamfanin ke nan, don haka kowa Barewa yake ce masa.

Kakanta, Alhaji Bappayo na Katagum, shi ya fara hawansa. Da girma ya kama shi, sai ya bar wa ɗansa Malam Sha'aban, mahaifin Bara'atu. Malam Sha'aban ma'aikacin lafiya ne. Shi yake kai allurar rigakafin yara ƙauyuka.

Bara'atu tana aji shida a firamare. Yarinya ce mai ƙoƙari, amma fa Allah ya yi mata baki. In aka taɓo zancen babura a aji, to an sosa mata inda yake yi mata ƙaiƙayi.

"Mu gidanmu Barewa kawai ake hawa," haka take cewa. "Kakana Barewa, babana Barewa. Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Wanda ya fi shan wuya a bakinta shi ne Kashim, ɗan ajinsu. Babansa yana hawan wani roba-roba mai tambarin raƙumi. Kullum sai ta tambaye shi ko sun saya wa nasu akala. 'Yan aji su kwashe da dariya, Kashim ya sunkuyar da kai.

Ana nan ana nan, sai tsufa ya ci ƙarfin Barewa. Yau ta yi tari, gobe ta ƙi tashi. Ranar nan Saleh bakanike ya duba ta, ya girgiza kai, ya ce wannan sai hutu. Aka jingine ta a zaure.

Malam Sha'aban bai yi gaggawa ba. Ya zagaya shagunan babura, ya tambayi masu hawa, ya zauna da masu sayar da kayan gyara. Ita kuwa Bara'atu har ta riga ta shelanta a aji cewa sabuwar Barewa tana nan tafe.

Ranar Alhamis da azahar suka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Bara'atu ta fita da gudu. Ga shi nan sabo fil, an rufe gabansa da kwali da leda, kamar yadda ake barin sabon babur don kada ya karce. Inna ta leƙo ta ce Allah ya sa alheri, ya tsare hanya.

Bara'atu ta ɗaga ledar. Sai ga raƙumi yana kallonta.

"Baba, Raƙumi ne fa," ta ce.

"Raƙumi ne," in ji shi.

"Amma mu gidan Barewa ne."

Malam Sha'aban ya zauna a kan dakali ya yi mata bayani. Ya ce Barewar yanzu ba irin ta da ba ce. Tana da kyan gani, amma tayarta siririya ce, ba ta son rairayi. Tana shan mai da yawa. In wani abu ya lalace, sai an aika Kano. Shi kuwa Raƙumi tayarsa faffaɗa ce, mai kaɗan ya ishe shi, kuma kayan gyaransa ga su nan a kasuwar Azare.

"Aikina ne ya zaɓa, ba idona ba," in ji shi.

Bara'atu ba ta ji ko ɗaya ba. Fuskar Kashim kawai take gani. Kunya ta kama ta tun kafin gari ya waye.

Da la'asar babanta ya tafi masallaci. Ta tsaya a zaure tsakanin baburan biyu, tana kallon wannan tana kallon wancan. Nan wata dabara ta faɗo mata, irin dabarar da ba a yin shawara da kowa a kanta. Ta ɗauko cokali ta ɓanɓare tambarin tsohuwar Barewa. Ta sayo gam a shagon bakin layi. Ta ɗaga leda, ta manna barewa a kan raƙumi, ta mayar da leda yadda take.

Washegari babanta ya kai ta makaranta. Ya tsaya gaisawa da shugaban makaranta a bakin ƙofa. Bara'atu ta yafito 'yan ajinsu, ta ɗaga ledar kaɗan.

"To, kun gani?" ta ce.

Suka gani. Kashim ya daɗe yana kallon jikin babur ɗin. Ya ce shi dai ya ga kamar nasu. Bara'atu ta ce masa idonsa ne ya saba da raƙuma. Aka yi dariya, ta shiga aji tana taku ɗai-ɗai.

Niyyarta ita ce ta cire tambarin da yamma. Amma gam ya kama kam. Ta sa farce, ta sa cokali, ko motsi bai yi ba. Sai ta rufe ledar, ta ce wa ranta ai babu wanda zai duba.

Ranar Asabar Malam Sha'aban yana da aikin rigakafi a Sakwa. Ya ce ta shirya, zai ajiye ta wajen kakanta a Katagum. Ya ɗaure akwatin sanyi a bayan babur. A cikinsa akwai allurai da ƙanƙara. Ya gaya mata cewa in ƙanƙarar ta narke allurai suka ji zafi, sun lalace ke nan, sai zubarwa. Shi ya sa ba ya tsayawa hira a hanya.

Suka kama hanyar Katagum. Babur yana tafiya sumul, iska tana kaɗa hijabinta. Har ta fara mantawa da komai.

Can gaba suka tarar da shingen bincike. An yi ta satar babura a yankin, don haka jami'an tsaro suna duba kowa. Wani jami'i mai furfura a gemu ya karɓi takardun babur. Ya karanta, ya zagayo gaba, ya ɗaga leda. Sai ya tsaya.

"Malam, takarda ta ce Raƙumi. Babur ya ce Barewa. Wanne zan yarda da shi?"

Malam Sha'aban ya sauko ya duba. Ya ga barewa tana tsalle a goshin sabon babur ɗinsa.

Jami'in ya ce wannan ai aikin ɓarayin babura ne. Su ne suke sauya tambari don mai abu ya kasa gane kayansa. Ya zare makulli, ya ce Malam Sha'aban ya zauna a gindin bishiya sai babbansu ya zo.

Malam Sha'aban ya nuna katin aikinsa. Ya roƙe su, ya ce mata suna can da jarirai suna jiransa. Jami'in ya ce shi ma aikinsa yake yi, kuma gaskiyarsa ce.

Mutane suka fara taruwa. Wani mai kai kaji kasuwa ya ce, "Ka ga mutum da kamala, ashe..." Bai ƙarasa ba, amma kowa ya gane.

Bara'atu ta ji maganar kamar an watsa mata ruwan zafi. Babanta ne fa ake nufi, mutumin da ko allurar ɗinki ya tsinta sai ya yi cigiya. Ga shi zaune a ƙasa, ya cire hularsa ya riƙe. Rana tana ta ɗagawa. Ta dubi akwatin sanyi, ta ga ruwa ya fara tsattsafowa a jikinsa.

Tsoro ya kama ta ƙwarai. In ta yi magana, za ta sha faɗa a gaban jama'a. In ta yi shiru, za a tafi da babanta, allurai kuma su lalace. Sai ta taka har gaban jami'in.

"Ranka ya daɗe, ni ce na manna."

Jami'in ya dube ta. Ya ce yara sukan faɗi komai don su ceci iyayensu.

"Wallahi ni ce," in ji ta, hawaye na zuba. "Na cire daga tsohon babur ɗinmu. Raƙumin yana nan a ƙasa. Kuma kunnen barewar na hagu a karye yake, tun ina ƙarama."

Jami'in ya sunkuya ya duba. Kunnen hagu a karye. Ya ciro 'yar wuƙa ya sa a gefen tambarin. Da ƙyar ya ɓanɓaru, ya taho da fenti. Sai ga raƙumi ya bayyana, da tabo a wuyansa. Suka duba lambar injin, ta yi daidai da ta takarda.

"Me ya sa kika yi haka, 'yata?" jami'in ya tambaya.

Ta ce kunyar 'yan ajinsu ta ji. Mai kaji ya yi tsaki, ya ja kekensa ya wuce, ko haƙuri bai bayar ba. Jami'in ya miƙa wa Malam Sha'aban makulli, ya ba shi haƙuri, ya ce ya hanzarta.

Malam Sha'aban ya karɓi tambarin barewa daga hannun jami'in. Ya sa tambarin a aljihu, ya ce ta hau.

Babu sauran lokacin ajiye ta, don haka suka wuce tare. Da suka bar kwalta zuwa unguwar da ake jiransa, sai rairayi, mai zurfi kuwa. Bara'atu ta ƙanƙame rigar babanta, tana jiran su faɗi. Amma Raƙumi ya sa kai ya yi ta ratsawa, ko tangaɗi bai yi ba. Nan ta tuna da zancen faffaɗar taya.

Suka iske mata zaune a inuwar ɗakin shan magani, kowace da goyonta. Wasu har sun ɗaura zani za su koma gida. Malam Sha'aban ya buɗe akwati da sauri. Ƙanƙarar ta narke saura kaɗan, amma allurai suna nan da sanyinsu.

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya shiga aiki.

Bara'atu ta yi ta riƙe wa mata jarirai. Babu wadda ta tambayi sunan babur ɗin da ya kawo allurar.

Da yamma suka isa Katagum. Alhaji Bappayo yana zaune a kan buzu a ƙofar gida. Da ya ga jikarsa ya ce, "A'a, amaryata ce da kumburarren ido? Wa ya taɓa mini ke?"

Malam Sha'aban ya ce ta faɗa da bakinta. Ta faɗa duka, ba ta rage komai ba. Ta ƙare da cewa ita dai ba ta so a ce sun bar gadon gida ne, tunda barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Tsoho ya yi dariya har da tari.

"Amaryata, kin san abin da ubana yake hawa? Jaki. In gadon abin hawa ake bi, da yau a kan jaki kuka zo."

Ya ce lokacin da ya sayi Barewa, babu wanda ya san sunanta a Katagum. Har dariya aka yi masa. Ya saye ta ne don ya bincika, ya ga ita ce ta dace da hanyarsa da aljihunsa.

"Abin da na yi, shi ubanki ya yi," in ji shi. "Ya tambaya, ya auna, ya zaɓi mai amfani. Gudun barewar ke nan. Ke ma yau kin ɗan taɓa gudun, da kika faɗi gaskiya kina kuka. Amma kafin nan fa rarrafe kika yi."

Bara'atu ta durƙusa ta ba babanta haƙuri. Ya dafa kanta ya ce ya yafe. Ya ce tabon da ke wuyan raƙumin ba za a shafe shi da fenti ba, a bar shi ya riƙa tuna musu. Sannan ya ciro tambarin barewa ya ba ta, ya ce ta mayar wa mai shi, wato tsohuwar Barewa.

Ranar Litinin, tun kafin malami ya shigo, Bara'atu ta miƙe a gaban aji. Ta ce babur ɗinsu Raƙumi ne, ita ce ta manna masa barewa. Aka yi mata dariya, ta tsaya ta shanye, don ta san ita ta saya da bakinta. Ta juya ta ba Kashim haƙuri.

Kashim ya yi murmushi ya ce, "Ba komai. In kuna neman akala, muna da guda biyu."

Wannan karon har da ita aka yi dariyar.

Daga ranar Bara'atu ta gane cewa ba suna ake hawa ba, babur ake hawa. In za ka zaɓi abu, duba amfaninsa kafin ka duba tambarinsa. Kuma duk ƙaryar da ka manna don a yabe ka, wata rana sai an ɗaga leda.