Wanda Ya Nuna Kurar

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon ɗaki ana idar da sallar magariba, direba na zaune a tsakar gida yana ba matarsa labarin dajin da ya sani tun yana yaro, labarin da ta ji har ta haddace. Na biyu ya fasa bokitin wanka. Aka leƙa waje, babu kowa a layin.

Autarsu ɗaliba ce, tana cikin masu aikin sa-kai na gandun daji. Ma'aikata kan ɗaure kyamara a jikin bishiya ta ɗauki duk abin da ya gifta, masu sa-kai kuma su duba hotunan a kwamfuta su faɗi ko wace dabba ce. In mutum bai gane ba, akwai inda zai danna ya wuce. Auta ba ta jin kunyar danna wurin. Ubanta kuwa tunda aka haife shi bai taɓa cewa bai sani ba.

Kwanakin baya ta bar wani hoto a buɗe ta tafi kwashe shanya. Wata halitta ce a gefen hanyar shanu, rabinta cikin inuwa. Direba ya leƙa, ya taɓe baki, ya danna "kura" da sunan 'yarsa, ya koma tabarmarsa yana jin kansa. Ma'aikata suka gargaɗi makiyaya. Makiyaya suka zuba guba a mushe.

Daga ranar jifan nan gidan bai sake zama lafiya ba. Da rana ta yi ja sai a ji kukan mace a cikin tankin ruwa. Auta ta daina cin abinci, ta koma rarrafe a bayan ƙofa tana shinshina ƙasa kamar mai neman abin da ya ɓata. Uwarta ta rame a tsaye. Dole aka ɗauko malami mai ruƙiyya, wani dattijo marar yawan magana.

Ya daɗe yana karatu kafin bakin Auta ya buɗe da muryar tsohuwa.

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Uwa ce. Ɗana ya ari jikin kura ya fita yawo, bai taɓa ko ɗan maraƙi ba. Aka nuna shi, aka ba shi guba. A hannuna ya cika."

"Me kike nema?"

"Ranta."

Malam ya ɗaga murya da karatu har jikin yarinyar ya ɗauki rawa. Ya yi tayin rago, ta yi tsaki. Can da wuya ta yi wuya ta sauko.

"To na bar rai. Ido ya gan shi, ido zan ɗauka. Na wanda ya nuna shi."

"Yarinyar ce ta nuna shi?"

"Sunanta ne a kai. In akwai wani, ya buɗe baki yanzu."

A hankali fuskar Auta ta juyo, ta tsaya a kan ubanta. Nan direba ya gane tsohuwar ta sani, ta san komai, so take kawai ta ji daga bakinsa. Tsoro ya kama shi. Ya tuna motarsa, ya tuna titi, ya tuna makahon da yake miƙa wa sadaka ta taga. Ya buɗe baki.

"Malam, a ƙara karatu mana," ya ce.

Tsohuwar ta yi wata dariya mai sanyi, ta yi atishawa, ta fita.

Auta ta farfaɗo a kan cinyar uwarta. Ƙwan lantarki na ci a saman kanta, amma sai ta ce a kunna fitila. Uwar ta kaɗa hannu a gaban fuskarta, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Da malam ya yi mata bayanin abin da ya faru, ta lalubo hannun ubanta ta riƙe, hawaye na zuba.

"Baba, ban ma tuna hoton ba. Ni na jawo muku wannan masifa. Ka yafe mini."

Direba ya dubi malam, ya dubi matarsa, ya shafa kan 'yarsa.

"Na yafe miki," in ji shi.