Mabuɗin Gwangwanin Tsohuwa

A can wani gari an yi wata tsohuwa mai mabuɗin gwangwani. Kullum in ta gama aiki da shi, sai ta wanke shi, ta goge, ta shafa masa man gyaɗa, ta rataye. Maƙwabta suna ta yi mata dariya.

Ranar wani suna aka tara gwangwanin tumatir ɗari, ga baƙi suna jiran abinci. Mabuɗan matan duk sun yi tsatsa. Tsohuwa ta zauna ta buɗe duka, kamar mai yankan tuwo.

Mata suka riƙe baki. "Iya, wane asiri ke jikin ƙarfen nan?"

Ta ce, "Ku tsaya ku gani."

Ta wanke shi, ta goge, ta shafa masa man gyaɗa, ta rataye.

Wannan karon ba wadda ta yi dariya.