Fasinjan Tsohuwar Gada

Gab da magariba suka dawo daga ganin gadar. Tafiyar ba nisa, awa guda zuwa, awa guda dawowa, kuma Auta ce ta matsa a je, don a makaranta an ba su labarin tsohuwar gadar dutsen da ke bayan gari. Uwar ta je ne saboda yarinyar. Maigidan kuwa, ɗan kwangilar gine-gine, abin rainawa ya je nema, ya kuma samu. Tun da ya fito daga mota yake taɓe baki. Ya shuri ginshiƙi ɗaya, ya ce tulin duwatsun ƙauyawa ne kawai. Da wani tsoho mai kiwon awaki ya roƙe shi ya rage murya, akwai masu wurin, sai ya leƙa ƙarƙashin gadar yana dariya, ya ce in akwai mai zama a wannan ramin, ya shigo mota ya zo ya ga yadda ake gini.

Matar ta ja hannun Auta suka shiga mota. Shekara ashirin tana tare da shi, ta san bakinsa ya fi hannunsa iya aiki.

Tana kwashe shanya a tsakar gida jifa na farko ya faɗo kusa da ƙafarta. Na biyu ya sami bokiti. Unguwar ta yi tsit, ko kukan tsuntsu babu. Ta sunkuya ta ɗauki abin, sai ta ga ɓarɓashin bangonsu ne, da fentinsu ruwan ɗorawa a jiki. Maigidan ya ce 'ya'yan maƙwabta ne marasa tarbiyya, ya koma kan wayarsa.

Kwana uku ana haka, kullum da faɗuwar rana. Auta ta daina cin abinci, ta daina magana. Sai ta riƙa bin ɗakuna a hankali, hannu ɗaya a baya, tana ƙwanƙwasa bango, ta kara kunne, sannan ta ja tsaki. Tsakin ne ya tsinka wa uwar zuciya, domin ba na yarinya 'yar sha uku ba ne. Tsakin dattijo ne wanda aka ɓata wa lokaci. A rana ta uku uwar ba ta nemi izinin kowa ba, ta yafa mayafi ta je ta kira Malam, tsohon da ke layin bayansu, wanda aka sani da yi wa masu iska karatu.

Malam ya zauna a falo, ya sa aka riƙe yarinyar, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Can Auta ta ɗago. Idanunta suka wuce Malam suka tsaya a kan ubanta, muryar da ta fito kuwa mai kauri ce, ba ta sauri.

"Gayyata ta aka yi. Na zo ganin gini. Ina ginin?"

Muryar ta ci gaba, kamar mai karanta wa yaro kurakuransa. Ta ce kakan kakan maigidan ya bi ta kan gadar da jaki, damina ɗari biyu ta doke ta ba ta gusa ba, amma nan yashi ya fi siminti, rodin kamar tsinken tsintsiya, kuma rufin kankaren da ke saman gadon yarinyar ya tsage, damina biyu ba zai kai ba.

Malam ya ce wa aljanin to tunda ya gani, sai ya fita daga jikinta. Aljanin ya ce zai zauna da yarinyar, ita kaɗai ta shafa dutsen gadar da ladabi. Malam ya ɗaga murya da karatu har jikin Auta ya hau rawa, uwar ta danne kukanta da mayafi. Sannan aljanin ya sassauta. Ya ce a mota ya zo, a mota zai koma, amma a kujerar gaba, kuma mai gayyatar ne zai buɗe masa ƙofa.

"Ba yanka, ba durƙuso," in ji Malam.

"Me zan yi da durƙusonsa?" Muryar ta yi dariya gajeriya. "Gwiwar ma ba ta da rodi."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta, ta ce yunwa take ji.

Washegari da hantsi matar ta tsaya a taga. Ta ga mijinta ya buɗe ƙofar gaba, ya ja gefe, kansa a ƙasa. Motar ta ɗan lotsa ta wannan ɓangaren. Ya rufe a hankali, ya zagaya, ya ja ta kamar mai ɗauke da ƙwai.

Kafin ya dawo ta fitar da gadon Auta zuwa falo, ta aika aka kira wani tsohon magini wanda mijinta ya taɓa kora daga aiki. Da la'asar maigidan ya shigo ya tarar da mutumin a kan tsani yana farfasa silin. Ya dube shi, ya dubi matarsa. Ita ma ta dube shi, ba ta kau da ido ba. Sai ya ajiye makullin mota, ya matsa ya riƙe masa tsanin.